Ɗalibin da Aka Ɗauka Ya Lalace: Nazarin Wani Lamari na Ciwon Damuwa a Jami'a

Takardar sakamakonsa ce ta fara tona asiri. A aji ɗaya da aji biyu yana cikin 'yan sahun gaba a sashensu na injiniya. A zangon farko na aji uku ya faɗi kwas biyu, sauran ma da ƙyar ya sha. Da aka shiga zango na biyu sai sunansa ya fara ɓacewa daga takardar halartar lakca, rahoton ɗakin gwaje-gwaje ko ɗaya bai miƙa ba, ranar gwajin tsakiyar zango kuwa kujerarsa babu kowa. Shekararsa 21. Ba ya shaye-shaye, ba a taɓa kai ƙararsa ba, ba a yi masa rasuwa ba. Waɗanda suka san shi ba su ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci: yaro ya lalace, ko kuma ya samu abin da ya ɗauke masa hankali.

An harhaɗa wannan lamari ne daga irin abin da ake yawan gani a asibitocin makarantu da ofisoshin masu ba ɗalibai shawara, shi ya sa ba za a ji suna ko gari ba. Abin nazari a cikinsa shi ne wata bakwai da ciwon ya yi yana cin yaron a gaban idon jama'a, kowa yana riƙe da wani ɓangare na labarin, babu wanda ya haɗa su wuri guda.

Yadda abin ya faro

Da aka zauna da shi daga baya, ya kasa nuna ranar da abin ya soma. Barci kawai ya iya tunawa. Zai kwanta a gajiye, ya farka wajen ƙarfe 3 na dare, ido ya bushe, ya yi ta lissafin abubuwan da bai yi ba har gari ya waye. Daga nan karatu ya daina zama. Zai bi shafi ɗaya sau uku, ya ɗago kai bai san me ya karanta ba. Ga mutumin da duk ƙimarsa, a idonsa da idon 'yan gidansu, ta rataya a kan kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ƙwallon da yake bugawa da yamma ta fita ransa. Abinci ya daina wucewa, har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Ya zama mai saurin hasala, abu kaɗan ya hau mutum da faɗa, can kuma ya koma gado yana tsine wa kansa.

Babu wani babban bala'i da za a nuna a ce shi ne sila. Ƙananan abubuwa ne suka taru. Shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Yayansa ne ke ɗauke da kuɗin makarantarsa, yana danne nasa buƙatun. Abokan da ya saba da su tun aji ɗaya sun watse zuwa wasu ɗakuna, kwasa-kwasan aji uku kuma sun fi na baya nauyi. Ɗalibai dubbai suna cikin irin wannan hali ba su kwanta ciwo ba, don haka ba za a ce waɗannan ne suka haifar da ciwon su kaɗai ba. Ciwon damuwa yakan fito ne daga haɗuwar gado, da yanayin jiki, da ɗabi'ar tunani, da matsin rayuwa, kuma rabon kowanne ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Shekarun ma suna da nasu hannun. Wani babban bincike da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce 24. Wato shekarun jami'a suna cikin lokacin da irin waɗannan matsaloli ke yawan bayyana. A 2018 aka fitar da sakamakon wani bincike na shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, kan sababbin ɗalibai kusan 14,000 a manyan makarantu 19 na ƙasashe takwas, ciki har da Jamus, Meziko, Sifaniya, Amurka da Afirka ta Kudu. Kashi 35 cikin 100 sun nuna alamun aƙalla matsala ɗaya ta lafiyar ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwarsu, kashi 31 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ciwon damuwa da yawan fargaba su ne a kan gaba. Da yaronmu ya san wannan, wataƙila da bai ɗauka shi kaɗai ne ƙwaƙwalwarsa ta juya wa baya ba.

Abin da ya fi ɓata al'amarin shi ne yadda ciwon da karatun suka riƙa ciyar da juna. Ya rasa lakca ɗaya saboda bai yi barci ba. Washegari ya ji kunyar shiga, don malamin zai ɗora ne a kan abin da bai ji ba. Bayan mako biyu giɓin ya yi girman da ko tunaninsa ba ya son yi. Ya bayyana yadda yake yi da safe: zai yi wanka, ya sa kaya, ya rataya jaka kamar kowa, ya bi ayarin 'yan ajinsu har bakin ɗakin lakca. Da ya jiyo muryar malami daga ciki sai ƙirjinsa ya ɗaure, ya yi kamar ya manta wani abu, ya zagaya bayan laburare ya zauna a kan wani dakali yana kallon ƙasa. Idan ya ga an fito, sai ya miƙe ya bi sahu ya koma ɗaki. Ya yi makonni yana haka. Duk wanda ya gan shi da safe zai rantse aji ya nufa.

Kowa da abin da ya gani

Abokin ɗakinsa ya san ba ya barci, ya ga ramar, ya kuma sha faɗan da babu dalili. Ya ɗauka soyayya ce ta watse, ya ga bai kamata ya tsoma baki ba. Malaman kwasa-kwasansa sun ga kujera babu kowa, amma a ajin da ya haura mutum ɗari rashin ɗalibi ɗaya layi ne kawai a takarda. Sau biyu ya je asibitin makaranta da kukan ciwon kai da kasala, aka auna zafin jikinsa, aka ba shi maganin ciwon kai, ya fito. Ba a tambaye shi yadda ransa yake ba, shi ma bai faɗa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne: masu ciwon damuwa da yawa da ƙorafin jiki suke fara zuwa wurin likita, domin ciwon kai yana da suna kuma ba ya jawo kunya.

Mahaifiyarsa ta ji wani abu a waya.

"Anya lafiya kake? Muryarka ta canza."

"Lafiya lau, Umma. Karatu ne ya yi zafi."

Ta yi masa addu'a, ta ce ya riƙa hutawa. Yayansa kuwa sakamakon zangon farko ya gani, ransa ya ɓaci. "Kai fa ba yaro ba ne. Ka san abin da nake sha kafin in haɗa kuɗin nan? Ka dawo cikin hayyacinka." Ya ce, "To, Yaya, zan gyara." Ba za a ce yayan ya yi mugunta ba, tsoro ne ya sa shi magana haka. Sai dai kalaman sun sauka daidai kan gyambon. Tun kafin wannan waya yaron yana faɗa wa kansa cewa shi asara ne, dukiyar da ake kashewa a kansa zubar da ita ake yi. Yanzu ya samu shaida daga bakin wanda ya fi jin nauyi. Daga ranar ya fara kashe wayarsa.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuskar ta iya ɓoyewa. Yana gaisawa da mutane, yana murmushi idan an yi raha. Kuma bai nemi taimako ba saboda dalilin da ya fi kowane yawa a tsakanin ɗalibai. A wani sashe na wancan bincike na WHO da aka wallafa a 2019, kusan ɗaya cikin huɗu ne kacal suka ce tabbas za su nemi magani idan irin wannan matsala ta same su, fiye da rabin sauran kuma sun ce sun fi son su magance abinsu da kansu. Shi ma haka ya ce: gani yake idan ya ƙara dagewa zai wuce.

Ranar da aka yi tambayar

Malamar da ke kula da ajinsu ta aika a kira shi, ba don ta zargi ciwo ba. Takardar gargaɗi za ta ba shi ya sa hannu. Sai da aka aika sau uku ya zo. Fayil ɗinsa na buɗe a gabanta, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne siffar faɗuwar. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana cin maki mai kyau, sannan ya rufto cikin zango ɗaya a duk kwasa-kwasansa lokaci guda, da wuya a ce basira ce ta ƙare masa. Ta ture takardar gefe.

"Kana samun barci kuwa?"

Ya ce bai taɓa zaton wannan tambayar ba. Ya shirya wa faɗa, ya tanadi haƙurin da zai bayar. Ya yi shiru, sai hawaye. Ta bar shi ya yi, sannan ta bi da tambayoyi a hankali: cin abinci fa, tun yaushe, wa ya sani. Daga ƙarshe ta yi wadda mutane suka fi gudu.

"Zan tambaye ka wani abu kai tsaye, kada ka ji nauyina. Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin kashe kanka?"

"Malama, ina yawan tunanin da zan kwanta in ƙi farkawa, da kowa ya huta."

Mutane da yawa suna tsoron irin wannan tambaya, wai kada a cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. An gwada wannan zato, bai tabbata ba. Madelyn Gould da abokan aikinta sun yi gwaji a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York, suka wallafa a 2005, ba su ga tambayar ta ƙara wa kowa tunanin hallaka kai ba. Wani nazari da aka yi a Landan a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi kan batun, ya kai ga matsaya iri ɗaya, har ya nuna tambayar tana iya rage nauyin. Batun kuma ba na wasa ba ne, domin alƙaluman WHO sun nuna fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma hakan na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29.

Abu na biyu da malamar ta yi daidai shi ne ba ta ce masa "ka je asibiti" ta sallame shi ba. Mutumin da ya kasa tsallake ƙofar aji ba zai je ya bi layin asibiti shi kaɗai ya maimaita abin da ya faɗa da ƙyar ba. Ta kulle ofis ta raka shi da ƙafarta.

Abin da likita ya gano

An ba shi takardar tambayoyin nan tara da ake kira PHQ-9, wadda Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka wallafa ingancinta a 2001. Kowace tambaya tana da maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci, daga 20 zuwa sama kuwa alamar ciwo mai tsanani ce. Ya samu 21. Takardar dai tacewa take yi, ba ita ke yanke hukunci ba. Hira ce ta tabbatar. Bisa ƙa'idar DSM-5 na 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance ciwo, ana buƙatar alamomi biyar cikin tara, su kai mako biyu, su hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma dole ɗaya daga ciki ta zama ƙuncin rai ko rashin jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa. Yana da takwas, kuma ba mako biyu ba, wata bakwai.

Likitan bai tsaya nan ba. Ya sa an duba jininsa saboda ƙarancin jini da matsalar tayirod, wani ɗan sashe a maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, domin duka biyun suna iya kawo kasala mai kama da wannan. Babu ko ɗaya. Ya tambaye shi game da barasa da ƙwayoyi, har da waɗanda ɗalibai kan sha don hana barci lokacin jarrabawa. Ya kuma yi wata tambaya da ake yawan tsallakewa: ya taɓa yin kwanaki a jere yana cike da kuzari, barci kaɗan ya ishe shi, baki ba ya rufuwa, yana kashe kuɗi ko yanke shawara ba lissafi? Amsar a'a ce. Da e ce, da maganar ta koma kan ciwon da ke juya mutum tsakanin matsanancin ɗoki da matsananciyar damuwa, wanda shi ma a irin waɗannan shekaru yake bayyana, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi.

Game da haɗarin rai, tunanin mutuwa yana zuwa masa kusan kullum, amma bai tsara komai ba, bai taɓa gwadawa ba, kuma ya ce tunanin mahaifiyarsa ke dawo da shi. Ba a ga buƙatar kwantar da shi ba. Aka zauna aka rubuta tsarin kariya irin wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara: alamomin da ke nuna masa duhun ya taso, abin da zai yi da kansa a lokacin, wuraren da zai je ya shiga mutane, wanda zai kira, lambar asibiti, da kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin. Shi ya zaɓi waɗanda za a sanar: abokin ɗakinsa da mahaifiyarsa. Yayansa kuwa ya ce a dakata tukuna. An mutunta wannan, bayan an bayyana masa cewa sirrin yana da iyaka idan ransa ya shiga haɗari.

Da aka kira mahaifiyar, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce ita ma bayan haihuwar ƙanwarsa ta yi watanni tana kuka ba dalili, ba ta son ganin kowa, kuma ba ta taɓa faɗa wa wani ba. Wannan ya ba likita tarihin gida da yake nema, ya kuma ba yaron wanda ya san abin daga ciki.

Magani, da matsalar zangon karatu

An haɗa masa biyu, ƙwaya da zaman tattaunawa, kamar yadda ake yi wa ciwo mai wannan tsanani. Ƙwayar sertralin ce, daga rukunin magungunan damuwa da ake kira SSRI. An gaya masa gaskiya tun farko: kwanakin farko zai iya jin tashin zuciya da ciwon kai da rashin natsuwa, sauƙin kuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ya bayyana. An kuma gaya masa, shi da abokin ɗakinsa, cewa a tsakanin matasa tunanin hallaka kai yana iya ƙaruwa a farkon shan irin wannan magani. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa wannan gargaɗi a 2004 saboda yara, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa 'yan shekara 18 zuwa 24. Wannan ba dalilin hana maganin ba ne, dalilin sa ido ne, shi ya sa aka ce ya riƙa zuwa duk mako a watan farko.

A zaman tattaunawa ba da tunaninsa aka fara ba, da jadawalin yininsa aka fara. Mai ciwon damuwa yana jiran ya ji sha'awa kafin ya motsa, sha'awar kuma ba ta zuwa sai an motsa. Aikin makon farko ƙanana ne har ya ji kamar raini: tashi a lokaci ɗaya kullum ko barcin ya samu ko bai samu ba, fita rana na minti 20, cin abinci tare da wani sau ɗaya a yini. Mako na biyu, shiga lakca ɗaya, a kujerar baya kusa da ƙofa, tare da abokinsa. Wannan hanya ta farfaɗo da ayyukan yau da kullum tana da hujja mai ƙarfi. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 440, aka wallafa a mujallar Lancet a 2016, ya nuna ba ta gaza maganin gyaran tunani na CBT ba, alhali ƙananan ma'aikata ne suka gudanar da ita. Sai da ya ɗan farfaɗo aka shiga tunanin kansa, bisa tsarin da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa tun shekarun 1960. Aka ɗauki jimlar "ni asara ne" aka baje ta: ina shaidarta, ina shaidar da ta saɓa mata, sakamakon shekara biyun farko na wane ne?

Shawarar da ta fi wuya ba a asibiti take ba. Saura makonni kaɗan jarrabawa, ga kwas bakwai da bai halarci galibinsu ba. Zaɓi uku ne. Ya zauna duka, wanda kusan tabbas faɗuwa ce, faɗuwar kuma za ta zama sabuwar shaida ga muryar da ke ce masa asara ne. Ko ya jingine zangon ya tafi gida, inda zai huta amma ya rabu da likitansa, da abokinsa, da dalilin tashi da safe, ya kuma fuskanci tambayar maƙwabta. Ko a rage masa kaya. A ganina makarantu suna saurin tura irin waɗannan ɗalibai gida fiye da kima, wani lokaci don sauke nauyi daga wuyansu. Tafiya gida tana da wurinta, musamman idan haɗarin rai ya yi yawa ko babu mai sa ido a makaranta. A nan ba haka ba ne. Da takardar likita, malamar ta bi ofis-ofis har aka amince ya janye daga kwas huɗu ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba, ya zauna uku. Ya ci biyu. A takardar likitan an rubuta "dalilin rashin lafiya" kawai, ba a faɗi sunan ciwon ba.

Koma-baya

Wajen wata na uku da fara magani makinsa na PHQ-9 ya sauko zuwa 9. Barci ya dawo, ya koma fili. Lokacin hutu yayansa ya ga kwalin maganin, ya bincika sunan a intanet, ya ce, "Yanzu maganin mahaukata kake sha? Ka jefar da abin nan kafin ya zame maka jiki." Yaron dama yana jin ya warke, sai ya daina sha rana ɗaya. Cikin kwanaki jiri ya kama shi, ga munanan mafarkai, ga wani abu kamar wutar lantarki yana tsarga masa a kai. Waɗannan alamomin yanke magani ne kwatsam, ba su nufin jaraba irin ta kayan maye, domin ƙwayar ba ta sa maye ko ƙishirwar ƙari. Bayan 'yan makonni kuma farkawar ƙarfe 3 ta dawo. Tsarin kariyar nan ne ya yi aiki: farkawar tana cikin alamomin da ya rubuta da hannunsa, ya gane ta, ya faɗa wa mahaifiyarsa, ita ta sa aka koma asibiti.

A nan akwai gyara ga masu jinyarsa. An mutunta buƙatarsa ta ɓoye wa yayansa, amma ba a sake ɗaga maganar ba kafin hutu, alhali an san gida zai koma, kuma mai riƙe da kuɗin makarantarsa ba zai daɗe a duhu ba. Da yardarsa aka gayyaci yayan. Tambayarsa ta farko ita ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya, ƙanena ya haukace ne?" Likitan ya ce a'a, ciwo ne da a lokacin WHO ta ƙiyasta yana damun mutum kusan miliyan 280 a duniya, ana warkewa, kuma ƙa'ida ita ce a ci gaba da magani aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, sannan a janye shi sannu a hankali. Yayan bai fita da cikakkiyar gamsuwa ba. Amma ya daina maganar jefar da magani, kuma a waya ya fara tambayar "ya jikin?" kafin "ya sakamako?"

Abokin ɗakin ma sai da aka waiwaye shi. Ya yi watanni yana barci da kunne ɗaya, yana tsoron ya fita ya bar shi. An zauna da shi aka fayyace masa iyakar aikinsa: ya raka, ya saurara, ya kira idan ya ga alama. Rayuwar abokinsa ba a wuyansa take ba.

Inda aka yi sakaci

Duk bayanan da malamar ta yi amfani da su suna cikin fayil tun watanni kafin ranar. Makarantar tana tattara halarta da maki ne don hukunci, ba ta da wanda aikinsa shi ne ya ga ɗalibi mai ƙoƙari ya rufto ya tambayi dalili. Asibitin ya samu dama biyu, kuma tambayoyi biyun farko na PHQ-9, kan ƙuncin rai da rashin sha'awa, ba sa cin minti ɗaya. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ne, domin WHO ta ce fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan ciwo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa samun magani. Sai dai tun 2008 hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP don koya wa likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari ganowa da kula da shi. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibitoci, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna an samu sauƙi ƙwarai. Sanin ciwon shi kaɗai ma ba ya kai mutum asibiti: wani nazari a mujallar JAMA a 2016 ya gano kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da alamun ciwon damuwa, amma kusan kashi 16 ne kawai daga cikinsu suka nemi magani. Idan masu karanta ciwon a littafi haka suke, jiran ɗalibin injiniya ya kawo kansa ba dabara ba ce.

Yanzu yana maimaita kwasa-kwasan da ya bari, zai kammala shekara ɗaya bayan 'yan ajinsu, abin da har yau yake masa ciwo. Makinsa na PHQ-9 yana yawo tsakanin 4 da 7, yakan ɗan hau idan jarrabawa ta matso. Da yake kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yana sake dawo musu, kuma nasa ya riga ya nuna halinsa da aka yanke magani, likitan ya ce ba za a fara rage ƙwayar ba sai bayan jarrabawarsa ta ƙarshe. Zaman tattaunawa ya koma sau ɗaya a wata. Abin da ake aiki a kai yanzu shi ne aikin bincikensa na kammala karatu, wanda aka yanka masa gunduwa-gunduwa da ranakun miƙawa, da kuma neman asibitin da zai karɓe shi idan ya bar makaranta.